Zafi da Maganinsa: Kaifiyyar Ɗora Sabon Masanyayi a Kan Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar tebur da azahar ɗin watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, sa'ad da bazara ta kai maƙura har ma'aunin zafi ya haye digiri 40, ya san wani irin gurnani da ke tasowa daga cikin akwatin, wanda yakan fara a hankali kamar kukan zuma daga nesa, sa'an nan ya yi ta ƙaruwa har ya koma kamar injin niƙa, alhali kuwa aikin da ake yi, maimakon ya ƙara sauri, sai ya riƙa jan ƙafa, wani lokaci ma allon ya ɗauke gaba ɗaya ba ko sallama. Akasarin mutane idan haka ta auku sukan ɗora laifin a kan bairos, ko tsufan na'urar, ko rashin tsayuwar wutar lantarki. Amma wanda ya buɗe akwatin ya duba da idon basira, galibi zai tarar sababin bai wuce ɗaya ba, wato zafi ya yi wa ƙwaƙwalwar na'urar yawa, abin da aka ɗora mata don ya sanyaya ta kuwa ya gaza.

Ƙwaƙwalwar nan ita ake kira furosesa, wani ɗan falle ne na silikon wanda bai kai faɗin kan sarki ba, an lulluɓe shi da murfin ƙarfe, an zaunar da shi a gurbinsa bisa babban allon da masu gyara ke kira madabod. Ƙa'ida ce tabbatacciya wurin masana cewa kusan dukkan wutar da ta shiga cikinsa zafi take komawa. A shekarar 1971, da kamfanin Intel ya fitar da furosesa mai lamba 4004, taransista 2,300 ne kacal a cikinsa, wutar da yake ci ba ta wuce wat 1 ba, saboda haka babu wanda ya yi tunanin yi masa fifita. Da aka zo 1993 aka fito da Pentium mai taransista miliyan 3.1, mai cin kimanin wat 15, sai ɗora masa ƙarfe da fanka ya zama al'ada. Yau kuwa ga Core i9-13900K, wanda ya fito a 2022, idan ya duƙufa aiki yana iya jan wat 253. Wanda ya taɓa kai hannu kan ƙwan lantarki irin na da, mai wat 60, bayan ya daɗe a kunne, to ya ƙaddara zafin guda 4 irinsa an tattara shi a wurin da babban yatsa zai iya rufewa.

Maƙeran furosesa ba su gafala daga wannan haɗari ba, domin sun dasa masa ma'aunai a cikin jikinsa, ta yadda idan zafi ya kusanci haddin da aka gindaya masa, wanda ga mafi yawan na zamanin nan yake tsakanin digiri 95 da 100, sai ya rage gudunsa da kansa, idan kuma abin ya ci tura ya kashe na'urar ɗungum don kada ya ƙone. Ashe ke nan gurnanin fanka da jan ƙafa da mutuwar farat ɗaya, dukkansu kuka guda ne na neman agaji.

Ya kamata a yi adalci ga masanyayin da ke zuwa tare da furosesa a kwali ɗaya, irin ɗan kewayayyen nan na Intel ko Wraith na kamfanin AMD, domin ga mai buga takardu da lissafin kanti da leƙa intanet ya wadatar, sayen wani kuwa israfi ne. Masu bukatar sauyi su ne waɗanda ke ɗora wa na'ura nauyi na sa'o'i, kamar masu tace fina-finai da bidiyon biki, da masu zanen gine-gine, da ma'abota wasannin kwamfuta, da wanda ƙarar fanka ta dame shi, da kuma wanda ya sayi furosesan da ba ya zuwa da masanyayi tun asali, irin na Intel masu harafin K a ƙarshen lambarsu. Akwai kuma wata hujja da ta keɓanta da mu mazauna ƙasashen zafi. Masanyayi da iskar ɗaki yake aiki, ba shi da ikon sauko da furosesa ƙasa da zafin iskar da yake shaƙa; gwaje-gwajen da ake bugawa a Turai da Amurka kuwa galibi a ɗakuna masu digiri 21 zuwa 25 ake yin su, saboda haka wanda ke aiki a shago mai rufin kwano, inda iska ta kai digiri 38, sai ya ƙara wajen digiri 15 a kan duk abin da ya karanta kafin ya san haƙiƙanin halin da na'urarsa za ta shiga.

Silsilar zafi

Malaman hadisi, Allah ya saka musu da alheri, sun kafa ƙa'idar cewa ingancin ruwaya yana rataye a kan isnadinta, har idan aka sami mai ruwaya ɗaya mai rauni a tsakiyar silsila, ko aka sami yankewa tsakanin mutum da wanda ya karɓa daga gare shi, to amincin sauran mazajen ba zai hana a hukunta ta da rauni ba. Ba na kawo wannan don in daidaita abu mai alfarma da ƙarfe ba, sai don misali yakan kusanto da ma'ana, kuma ban san wani misali da ya fi shi dacewa da sha'anin zafi ba. Silikon yana miƙa zafi ga murfinsa, murfi ya miƙa ga gindin masanyayi, gindi ya miƙa ga bututan jan ƙarfe, bututai su miƙa ga siraran fallayen alminiyam da aka jera kamar shafukan littafi, fallaye su miƙa ga iskar da fanka ke hurawa, iska kuma ta fice da shi daga akwatin. Ko'ina aka sami rauni a wannan jeri, to tsadar sauran kayan ba za ta amfana da kome ba.

Bututan nan na jan ƙarfe, masu kaurin milimita 6, waɗanda akan sa guda 4 ko 6 a masanyayi ɗaya, su ne abin al'ajabi a cikin al'amarin, ko da yake hikimarsu ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a gidan da ake shan ruwan randa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda ɗan abin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya kwashi zafi mai yawa ya tafi da shi. A kan wannan asali ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To kowane bututu a cikin waɗannan an zuba masa ɗan ruwa kaɗan, an zuƙe iskar cikinsa, an toshe bakinsa biyu; rashin iskar kuwa yakan sa ruwan ya tafasa tun zafi bai wuce na jikin ɗan Adam ba. Sai tururi ya tashi daga gindi ya nufi sama inda fallaye suke, ya sauke zafinsa, ya koma ruwa, ya biyo wata shimfiɗa mai tsotso da ke manne a cikin bututun, kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya dawo gindi ya sake ɗauka, haka dai ba dare ba rana, babu famfo babu inji. Wani injiniya na kamfanin General Motors, Richard Gaugler, shi ya fara neman rajistar wannan dabara a 1942, amma ba ta bunƙasa ba sai da George Grover ya sake gano ta a 1963 a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka.

Inda rauni ya fi yawan aukuwa a silsilar shi ne mahaɗar murfin furosesa da gindin masanyayi. Ido yana ganin ƙarafan biyu sumul kamar madubi, alhali kuwa fuskar kowannensu cike take da 'yan ramuka da tudu waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu, idan aka haɗa su kuwa iska ce ke zaune a waɗannan ramuka, iska kuma ita ce mafi raunin masu ruwaya, domin jan ƙarfe ya fi ta iya isar da zafi sau wajen 15,000. Don haka aka ƙago wani mai mai kauri, ruwan toka, wanda za mu kira man haɗi, irin su Arctic MX-4 da Noctua NT-H1, matsayinsa kuwa matsayin yaɓen da magini ke cike tsagar bango da shi. Sai dai a lura, man nan da kansa bai kama ƙafar jan ƙarfe ba wajen isar da zafi, an fi shi sau gommai. Aikinsa korar iska kawai, saboda haka mafificinsa shi ne mafi sirantaka wanda ya game fuskar duka.

Sharuɗɗa kafin a je kasuwa

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mafi yawan nadamar da ake yi a wannan aiki tun a wurin saye ake shuka ta. Sharaɗi na farko shi ne sanin gurbin da furosesa ke zaune a ciki, domin kowane gurbi da tsarin ramukan da ke kewaye da shi. Na Intel akwai LGA 1151 da LGA 1200, waɗanda tazarar ramukansu milimita 75 ce, sai LGA 1700 da ya zo a 2021 da tazarar milimita 78, har ya sa tsofaffin maɗaurai suka daina hawa. Na AMD kuwa akwai AM4, sai AM5 da ya biyo baya a 2022, wanda aka bar tazarar ramukansa yadda take, shi ya sa masanyaya da yawa na AM4 suke hawa kansa. Sunan gurbi yana rubuce a jikin babban allo ko a littafinsa, jerin guraben da masanyayi ke hawa kuwa yana bayan kwalinsa. Wajibi ne mai saye ya ga sunan gurbinsa a rubuce, kuma ya buɗe kwalin a gaban mai kanti ya tabbata maɗauran wannan gurbi suna ciki.

Sharaɗi na biyu shi ne awo. Masanyayi mai siffar hasumiya dogo ne: Hyper 212 EVO na kamfanin Cooler Master tsawonsa milimita 159, NH-D15 na kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya kuwa milimita 165, nauyinsa da fankokinsa biyu ya zarce kilo 1. Wanda bai sa tef ya auna daga saman furosesa zuwa murfin akwatinsa ba, yana iya gama ɗauri tsaf sa'an nan ya tarar ƙofa ta ƙi rufuwa. Haka nan a duba sandunan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta na'urar, da ke maƙwabtaka da gurbin, domin masu dogon kai a cikinsu sukan tokari fankar gaba. Akwai kuma mas'ala mai muhimmanci ga mutanenmu, tun da yake da yawa daga kwamfutocin tebur da ke hannunmu tsofaffin na ofisoshin Turai ne da ake shigowa da su, ƙirar Dell da HP da Lenovo: da yawansu akwatinsu siriri ne, maɗaurinsu da mahaɗar wayar fankarsu kuma na gidansu ne kaɗai, ta yadda hasumiyar kasuwa ba ta da wurin zama a ciki. Mai irin wannan ya haƙura da sauyi, ya kakkaɓe ƙura ya sabunta man haɗi, galibi hakan ya ishe shi.

Sharaɗi na uku shi ne masanyayin ya fi ƙarfin zafin da furosesa ke fitarwa, da ɗan rara saboda yanayinmu. Furosesa mai wat 65 hasumiya guda mai bututu 4 ta ishe shi har da saura. Mai wat 125 zuwa sama kuwa ya fi son tagwayen hasumiya, ko masanyayin ruwa, wanda yake da famfo da tiyo da lagireto kamar na mota, mai tsawon milimita 240 ko 360. Masana sun yi saɓani a kan wanne ya fi, amma ra'ayin da na rinjayar ga mai farawa shi ne na iska, domin babu abin da zai lalace a jikinsa sai fanka, ita kuwa ana samun madadinta a kowace kasuwar kwamfuta, alhali na ruwa idan famfonsa ya mutu to duka ya mutu. Kayan aiki kuwa ba su taka kara sun karya ba: sukundireba mai bakin gicciye, dogo, da sifirit irin wanda ake kira isopropyl, da tsumma mai tsabta marar gashi, da ɗan kwano na tara notuna, da haske isasshe.

Kaifiyyar aikin

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, mustahabbi ne a auna zafin na'urar yadda take, ta hanyar manhaja irin HWiNFO ko Core Temp, a rubuta abin da aka gani tana hutawa da abin da aka gani tana cikin aiki mai nauyi, domin wanda ba shi da ƙabli ba zai san darajar ba'adi ba. Wannan awo yana da wata fa'ida ta biyu, wato yana ɗumama tsohon man haɗi ya yi laushi. Sa'an nan a kashe na'urar, a zare wayarta daga bango, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita, a kwantar da akwatin a gefensa bisa tebur, a buɗe murfin. A nan akwai gargaɗi na musamman ga mai aiki da hunturu. Wanda ya taɓa yaye bargo cikin duhu a watan Janairu ya ga 'yan tartsatsi suna tashi, ya ga lantarkin da busasshiyar iska ke tarawa a jikin mutum, wanda kaɗan daga cikinsa, ko da mutum bai ji shi ba, yana iya lahanta kayan cikin kwamfuta. Maganinsa kuwa a riƙa dafa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu ciki, kada a yi aikin a kan darduma ko kafet, kuma a kama kowane allo ta gefensa.

Cire tsohon masanyayi yana farawa da zare wayar fankarsa. Idan na Intel ne mai ƙafafu 4 na roba, sai a murɗa kan kowace ƙafa rubu'in kewaye ta inda kibiyarta ta nuna, a ja ta sama. Idan mai notuna ne, a sassauta su kaɗan-kaɗan bi da bi. Bayan haka kada a fizge shi sama, a murɗa shi dama da hagu a hankali, kamar mai ɓamɓare murfin tukunyar da ya kama, har man ya saki. Wannan ladabi ya fi zama wajibi a kan gurbin AM4, domin furosesansa yana da 'yan siraran ƙafafu 1,331 a ƙasansa, busasshen mai kuwa yakan kama kamar danƙo, har wanda ya yi gaggawa ya tsinci furosesan manne a gindin masanyayi, an tumɓuko shi daga gurbinsa da ƙafafu a lanƙwashe, abin da ka iya zama asarar da ta ninka kuɗin sabon masanyayin sau da yawa. Shi furosesa ba a bukatar fitar da shi daga gurbinsa ko kaɗan a wannan aiki, barinsa a kulle shi ne aminci.

Sai tsarkake murfin. A ɗiga sifirit a tsumma, ba a kan allo ba, a yi ta gogewa har rubutun da ke kan murfin ya fito sarai, a bar shi ya bushe, kada kuma a sake taɓa shi da yatsa, domin maiƙon hannu shi ma shamaki ne. Daga nan a koma kan takardar bayani da ta zo da masanyayin, a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe kafin a ɗaura kome, saboda a wannan babi kowane kamfani da mazhabarsa. A dunƙule dai, ga allon Intel akan sa wani faranti a bayan allo, ƙafafunsa su leƙo ta ramukan nan 4, a ɗora 'yan ginshiƙai, a shimfiɗa sanduna biyu na ƙarfe a kansu. Ga AMD kuwa galibi da farantin da ya zo da allon ake amfani, a cire maƙalan roba biyu na sama kawai, kuma na AM5 a haɗe yake da makullin gurbin, ba a cire shi. Akasarin akwatunan zamani suna da taga a bayan allo don wannan aiki. Wanda nasa ba shi da ita, ba makawa sai ya kwance allon duka ya fito da shi. Kafin a ɗaure sandunan a lura da fuskar da hasumiyar za ta kalla, kuma a gwada zaunar da ita a bushe, ba mai, don a ga ko tana tokarin wani abu.

Yanzu mun iso wurin da ni kaina na taɓa yin tuntuɓe, kuma ba zan ɓoye ba don wani ya amfana. Na taɓa ɗora wa wani ƙanena mai tace bidiyon biki sabuwar hasumiya, na ɗaure kome bisa ƙa'ida, na kunna ina jiran yabo, sai ga zafi ya haye digiri 90 cikin ƙiftawar ido. Na yini ina munana zato ga wanda ya sayar mini, ina raya cewa jabu ya ba ni, sai da la'asar na kwance na juya gindin, na tarar da wata siririyar leda manne a jikinsa, ɗauke da jan rubutu ɓaro-ɓaro mai umurni a ɓare ta kafin a ɗora. Na yi istigfari a kan zaton da na yi wa bawan Allah, kuma tun daga ranar ledar nan ce farkon abin da nake tambaya idan aka kawo mini ƙarar sabon masanyayi. A ɓare ta, a duba da ido, a sake dubawa.

Man haɗi kuwa kamar gishiri ne a miya. A ɗiga gwargwadon ƙaramar ƙwayar wake a tsakiyar murfin, ba sai an baza shi ba, nauyin ɗaurin zai shimfiɗa shi. Idan murfin mai tsawo ne kamar na LGA 1700, a ƙara 'yan ɗigo 4 ƙanana kusa da kusurwoyi. Idan masanyayin ya zo da nasa man a shafe a gindinsa, to ya wadatar, kada a ƙara wani a kai. Abu biyu ne mai farawa zai nisanta: man goge baki, wanda wasu ke cewa yana maye gurbi, alhali ruwa ne a cikinsa, ba ya jimawa yake bushewa ya zama alli, da kuma narkakken ƙarfen nan mai sinadarin galiyam, wanda ko da yake ya fi kowane mai isar da zafi, yana ɗaukar wutar lantarki kuma yana cin alminiyam, ɗigo ɗaya a inda bai dace ba ya isa ya halaka allo.

Sai a cire fanka daga jikin hasumiyar don a sami hanyar sukundireba, a sauke ta a miƙe bisa murfin, sau ɗaya, ba tare da ja ko ɗagawa ba. Wanda ya ɗaga bayan ya ɗora, to iska ta shiga, sai ya goge ya sake daga farko. Ɗaurin notuna kuwa a yi koyi da bakanike mai ɗaure tayar mota, wanda ba ya ƙarasa noti ɗaya kafin ya taɓa na daura da shi: murɗi biyu nan, murɗi biyu can, idan 4 ne a bi su gicciye, har kowanne ya tsaya da kansa. Notunan suna da sifirin da aka auna ƙarfinsa tun daga masana'anta, saboda haka inda noti ya tsaya nan ne haddi. Wanda ya gaza kai wa haddin ya bar rata, wanda ya ƙetare shi da ƙarfin damtse yana iya lanƙwasa allo, alheri kuwa yana tsakiya.

Fanka tana shaƙar iska ta buɗaɗɗiyar fuskarta, tana fitarwa ta fuskar da ke da sandunan riƙe injinta, wasu ma akwai 'yar kibiya a gefensu. A maƙala ta a gaban hasumiya ta yadda za ta tura iska ta cikin fallaye zuwa bayan akwati, inda wata fankar ke fitar da ita waje. Wanda ya juya ta ya haɗa fankoki biyu faɗa, zafi kuwa ya yi ta kewaya a ciki. Wayarta a soka ta a mahaɗa mai haƙora 4 da aka rubuta wa CPU_FAN kusa da gurbin, domin ta nan ne allo ke ƙara mata gudu ko ya rage gwargwadon zafi, wasu allunan ma ba sa yarda su tashi idan ba su ji motsi a nan ba. A ɗaure ragowar wayar kada ta faɗa bakin fanka, a ƙirga notuna da kayan aiki kada a manta wani a ciki.

Gwaji da kiyayewa

A fara kunnawa murfin yana buɗe, ido a kan fanka. Idan ta juya, a danna Del ko F2 a shiga shafin saitin babban allo da ake kira BIOS a kalli zafi na 'yan mintuna. Wanda ya ga lamba tana hawa ba tsayawa, ya kashe nan take ya koma kan abubuwa uku, leda da mai da ɗauri, domin da wuya laifin ya fita daga cikinsu. Idan ta natsu, a rufe akwatin, a ɗora wa na'urar aiki mai nauyi na minti 10 zuwa 15 da manhaja irin Cinebench, a gwama sakamakon da abin da aka rubuta tun farko. Zafin da bai wuce digiri 80 zuwa 85 ba a tsakiyar aiki abin kwanciyar hankali ne, ko da yake wasu na zamani, irin Ryzen 7000, an ƙera su ne su riƙa kai digiri 95 da gangan don su tatsi iyakar gudunsu, wannan kuwa ba aibi ba ne a gare su.

Ragowar al'amari kulawa ce. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar fallayen nan, takan shige tsakaninsu ta yi kamar audugar katifa har iska ta kasa wucewa, saboda haka ya kyautu a fitar da akwatin waje a hure shi da bulowa a ƙarshen kowane hunturu, kafin bazara ta kama, ana riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. A ɗauke akwatin daga ƙasa, a ba bayansa tazara daga bango. Idan bayan wasu shekaru aka ga zafi ya ƙaru alhali babu ƙura, to man haɗi ya bushe, a sabunta shi. Wanda kuma zai yi tafiya da na'urar a mota, ya kwantar da ita ta yadda allo zai kasance a ƙasa hasumiya a tsaye, domin ƙarfe mai nauyin kilo guda rataye a gefe ba ya shiri da ramukan hanya.

Alhasali, aikin nan bai fi na sa'a ɗaya ba ga mai natsuwa, kuma abin da yake nema wurin mutum ilmi ne kafin aiki da haƙuri a cikinsa, ba ƙarfi ko tarin kuɗi ba, domin masanyayi mai araha da aka ɗora bisa ƙa'ida ya fi mai tsada da aka ɗora da gaggawa. Wanda ya ji zuciyarsa ba ta natsu ba, babu kunya ya ɗauki akwatinsa ya kai wa gwani. Sai dai ina roƙonsa kada ya ajiye ya tafi, ya ja kujera ya zauna, ya ga an goge tsohon mai, ya ga an ɓare leda, ya ga an bi notuna gicciye, ya nemi a nuna masa zafin a allo kafin ya biya ladan aiki. Wanda ya kalla sau ɗaya da lura, in Allah ya yarda karo na biyu da hannunsa zai yi.